TAFKIN MESA DA BAKIN TEKU

Ku buɗe taswirar duniya, ku nemi tsibirin Madagaska a gefen Afirka. Daga nan ku ja yatsa gabas sosai, ku ƙetare Tekun Indiya. Ƙasar da za ku fara tararwa ita ce Ostiraliya. Ƙasa ce mai girman gaske, ta yi takwas ɗin Nijeriya, amma mutanenta ba su kai miliyan 30 ba. Yawancinsu kuwa a bakin teku su ke zaune. Tsakiyar ƙasar da arewa maso yammacinta daji ne fetal, mutum ya kan yi tafiyar yini guda a mota bai ga gida goma ba.

Wurin da yatsanku ya sauka sunansa Pilbara. Ƙasa ce ta jajayen duwatsu da zafin rana. Da ya ke tana kudu da tsakiyar duniya, lokatanta sun saɓa da na ƙasar Hausa. Watan Disamba da Janairu, sa'ad da a ke jin ɗari a Kano, su can zafi ne mai tsanani. A ran 13 ga Janairu, 2022, zafi ya kai digiri 50.5 a garin Roebourne. Sanyinsu kuwa a watan Yuni da Yuli ya ke zuwa. Ruwan sama kaɗan ne, kamar milimita 300 a shekara, bai kai rabin na Kano ba. Ba shi kuma da tabbas. Sau da yawa guguwar teku ke kawo shi, ya zuba kamar da bakin ƙwarya kwana biyu ko uku, koguna su cika su batse, sa'an nan a yi wata da watanni ba ɗigo.

A irin wannan ƙasa ruwa shi ne sarki. Inda ya ke, nan mutane da dabbobi su ke. Ga labarin wasu 'yan makaranta na garin Karratha, waɗanda suka ga ruwa iri biyu a yini ɗaya.

SHIRIN TAFIYA

Karratha gari ne na bakin teku. An kafa shi a 1968 sabo da ma'aikatan tama, gama duwatsun Pilbara cike su ke da tamar da a ke yin ƙarfe da ita. Wata rana a cikin watan Yuli malamin aji shida ya gaya wa almajiransa za su tafi yawon buɗe ido. Da safe za su je wani tafki a cikin duwatsu, da la'asar su biyo ta bakin teku.

Tun ana gobe tafiya malam ya shiga shiri. Ya auna wa kowane yaro ruwa lita 5, ya ƙara jarka biyu ko da wani abu ya faru. Direba ya duba mai, ya sa tayar safaya biyu. Aka ɗauki akwatin magani, da waya irin mai aiki da tauraron ɗan adam, domin wayar hannu ba ta kamawa a can. Daga ƙarshe malam ya rubuta wa shugaban makaranta hanyar da za su bi da lokacin da za su komo.

Wani yaro mai yawan surutu ya ce, "Malam, tafki fa za mu. Ina amfanin ɗaukar ruwa zuwa wurin ruwa?"

Malam ya ce, "Ai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Kafin ka isa tafkin akwai kilomita fiye da 100 a gabanka, babu famfo ko ɗaya."

Aka kuma roƙi wani dattijo, kakan ɗaya daga cikin yaran, ya raka su. Shi ɗan asalin ƙasar ne, a dajin nan aka haife shi. Kakanninsa suna zaune a Pilbara shekaru fiye da 40,000 kafin Turawa su zo. Kabilu biyu ne manya a wannan yanki, Ngarluma na wajen bakin teku, da Yindjibarndi na kan tudu.

A KAN HANYA

Da asuba suka tashi. Suka bi kwalta gabas, suka wuce Roebourne, tsohon gari wanda aka kafa a 1866. Da suka ƙara gaba kaɗan sai suka saki babbar hanya, suka nufi kudu a kan burji. Ƙura ja ta turnuƙe bayansu.

Da gari ya waye yara suka ga irin ƙasar da su ke ratsawa. Fili ne shimfiɗe, da tuddai na jajayen duwatsu kamar an jibge su da hannu. Ko'ina akwai wata ciyawa mai tsiro curi curi. Daga nesa ta kan yi kamar taushi gare ta, amma kowane ganye nata tsini ne kamar allura. Ga kuma suri manya manya, waɗansu sun fi mutum tsawo. Can sai wata dabba ta yi tsalle ta ƙetare hanya. Kangaru ce, wadda ke tafiya da tsalle a kan ƙafafun baya, macen kuma tana ɗaukar ɗanta a cikin wata jaka da ke cikinta.

Suna cikin tafiya sai suka ji fam! Motar ta karkace. Wani dutse mai kaifi ya fasa taya. Direba ya fito da jak, ya shiga aiki. Yaron nan mai surutu ya hangi duwatsu a gabansu, ya ce, "Malam, ga tsaunin can kusa. A bar mu mu ƙarasa da ƙafa mana."

Dattijo ya girgiza kai, ya ce, "Zauna, jikana. Abin da ka ke gani kusa, tafiyar awa uku ce. Iskar dajin nan garau ta ke, shi ya sa nesa kan yi kama da kusa. Doka ta fari a nan ita ce, in mota ta lalace, kada ka rabu da ita. Tana da inuwa, ruwanka yana cikinta, masu nema kuma sun fi saurin hango mota da hango mutum. Waɗanda ƙishirwa ta kashe a dajin nan, da yawansu barin motarsu suka yi."

Yaro ya yi tsit. Suka zauna a inuwar mota, kowa ya kurɓi ruwansa. Bayan rabin awa aka ɗaura safaya, suka ci gaba.

Da suka matso duwatsu dattijo ya ce wa direba ya rage gudu. Ya nuna wa yara wani layin itatuwa kore shar, ya miƙe a tsakiyar busasshen fili. Ya ce, "Kun ga waɗancan? Rafi ne a ƙarƙashinsu. Sama yashi ne, amma saiwarsu tana shan ruwa a ƙasa." Itatuwan nan ba baƙi ba ne gare ku. Su ne itacen turare, wanda a ke dasawa a ƙasar Hausa don tare iska da hana kwararowar hamada. Asalinsa daga Ostiraliya ne.

Ya kuma nuna musu garken waɗansu 'yan tsuntsaye masu jan baki, ba su kai gwara girma ba. Ya ce, "Waɗannan tsabar ciyawa su ke ci, don haka ba su son yin nisa da ruwa. In ka gan su da yawa, ka lura da inda suka dosa."

TAFKIN MESA

Wajen ƙarfe tara da rabi suka isa. Suka bar mota, suka bi wata 'yar hanya a cikin busasshen rafi, suna taka duwatsu. Ba su yi nisa ba sai ga tafkin a gabansu. Duk surutu ya ɗauke.

Dutse ne ja mai tsawo, a tsaye kamar ganuwa, ya kewaye wurin ta baya. A gindinsa ruwa ya kwanta, mai zurfi, mai sanyi. Turawa suna kiran wurin Python Pool, watau Tafkin Mesa. Yana cikin jerin duwatsun Chichester, a cikin gandun daji na gwamnati mai suna Millstream Chichester.

Wata yarinya ta ce, "Malam, an yi wata huɗu ba a yi ruwa ba. Me ya hana wannan ƙafewa?"

Malam ya nuna mata wani baƙin zane a jikin dutsen, daga sama har ƙasa. Ya ce, "Nan ne ruwa ke zubowa in an yi ruwan guguwa. Yana faɗowa da ƙarfi, tare da tsakuwa da duwatsu. Shekara da shekaru yana dukan wuri ɗaya, har ya haƙa rami mai zurfi. In ruwan sama ya wuce, ramin ya kan zauna cike. Dutsen nan kuma yana yi masa inuwa, yana tare iska. Ki zuba ruwa a faranti ki ajiye a rana, ki zuba wani a tulu ki ajiye a inuwa. Wanne zai riga ƙafewa?"

Ta ce, "Na faranti, Malam."

Ya ce, "To, wannan tulu ne na dutse."

Kafin kowa ya taɓa ruwan, dattijo ya matsa bakin tafki shi kaɗai, ya yi magana a hankali da harshensu. Ya juyo ya ce wa yara, "A wurinmu tafki ba wurin hayaniya ba ne. Mutanen Yindjibarndi sun ce wani babban maciji, Warlu, shi ya haƙa tafkunan Millstream da ke kudu da nan. Wanda ya zo irin wannan wuri ya kan fara sallama. Ba a ƙazantar da ruwan, ba a kuma ɗaukar abin da ya fi bukata."

Ya gaya musu yadda abin ya kasance a zamanin kakanninsa. Wani Bature mai binciken ƙasa, Francis Gregory, ya ratsa yankin a 1861, ya koma ya ba da labarin akwai ruwa da makiyaya. Ba a daɗe ba Turawa suka zo da tumaki. Da ya ke ruwa ne dukiyar ƙasar, wuraren ruwa suka fara kamawa. Masu ƙasa suka koma barorin masu tumaki a kan ƙasarsu. Sai a 2005 kotu ta tabbatar wa Ngarluma da Yindjibarndi hakkinsu na gado a kan wani sashe na ƙasar kakanninsu.

Yaron nan ya ce, "Baba, da gaske akwai mesa a nan?"

Dattijo ya ce, "Akwai irinta a duwatsun nan. Ta kan kai mita 4. Ba ta da dafi. Ta kan kwanta a bakin ruwa ta jira tsuntsu ko ƙaramar dabba ta zo sha. In ba ka dame ta ba, ba ruwanta da kai."

Malam ya duba ruwan da kyau, gama in an daɗe ba a yi ruwan sama ba, gansakuka ta kan ɓata shi, ya zama bai kamata a shiga ba. Ya ga garau ya ke. Ya yarda waɗanda suka iya iyo su shiga gefe gefe, ya hana tsalle daga kan dutse, domin ba a ganin abin da ke ƙarƙashi. Ya kuma hana sha, sai an tafasa.

Bayan sun ci abinci ya nuna musu wata tsohuwar turba da ta hau tudu. Ya ce, "Wannan hanyar raƙuma ce." Yara suka yi mamaki. Ostiraliya ba ta da raƙumi tun asali. Daga 1860 ne aka shiga kawo su da yawa a jirgin ruwa, tare da masu kora su daga Afganistan da Balucistan da arewacin Indiya. Yawancin mutanen nan Musulmi ne, su ne suka gina masallacin birnin Perth a 1905. Ayarinsu ya kan ɗauki gari da sukari da shayi daga bakin teku zuwa cikin daji, ya komo da gashin tumaki. Kamar ayarin Azbinawa, tafiyarsu daga ruwa ce zuwa ruwa, wannan tafki kuwa yana kan hanyarsu. Da manyan motoci suka zo, aka saki raƙuman a daji. Jikokinsu suna nan har yau, dubbai, ba mai su.

Da rana ta take tsaka suka tattara kowane ɓawo da takarda, suka koma mota.

GARIN DA YA MUTU

Suka komo Roebourne, suka nufi arewa. Bayan kamar kilomita 15 sai iska ta sake, suka ji ƙanshin gishiri. Suka shiga wani gari mai gine ginen dutse, amma ba kasuwa, ba yara a titi. Sunansa Cossack.

An kafa shi a 1863 a bakin Kogin Harding, shi ne tashar jirgin ruwa ta fari a wannan yanki. Arzikinsa daga teku ya fito. Akwai wata irin ƙumba babba a ƙarƙashin ruwa, wadda a ke yin maɓallan riga da ɓawonta, wani lokaci kuma a sami lu'ulu'u a cikinta. Mutane suka taru daga Japan da Sin da ƙasar Malaya. Da fari 'yan asalin ƙasa a ke tilasta wa nutso, maza da mata, ba tare da kayan numfashi ba, da yawa kuma suka hallaka. A 1887 aka shimfiɗa dogo tsakanin Cossack da Roebourne, dawaki ke jan taragun.

Amma arzikin bai daɗe ba. Ƙumba ta yi ƙaranci, masu jiragen nutso suka ƙaura arewa zuwa Broome. Guguwar teku ta sha rushe garin. Laka kuma ta riƙa cike mashigin, ga jirage suna ƙara girma, har suka kasa shiga. A 1904 aka gina sabuwar tasha a Point Samson. Mutane suka yi ta watsewa, kafin shekara hamsin garin ya zama kufai. Yara suka shiga tsohon ɗakin shari'a, wanda aka gina a 1895, suka kuma ga kaburburan Japanawa masu nutso a bayan gari.

TEKU TA KOMO

Daga nan suka tafi Point Samson. Can gefe suka hangi tashar Cape Lambert, inda jiragen ƙasa masu tsawon fiye da kilomita 2 ke kawo tama, a loda wa jiragen ruwa zuwa Sin da Japan.

Suka tarar teku ta janye, ta bar yashi da duwatsu da 'yan kududdufai. Malam ya ce kowa ya bar takalminsa a ƙafa, gama akwai wani kifi mai kama da dutse, mai ƙaya a baya, dafinsa kuwa mugu ne. Yara suka bazu suna kallon ƙaguwa da ƙananan kifaye.

Malam ya kafa sanda a bakin ruwa, ya kira su, ya ce, "Teku ta kan cika ta janye sau biyu a yini da dare. Wata ne ke jan ruwan, rana kuma tana taimakonsa. Kamar awa shida tana shigowa, kamar awa shida tana fita. A wannan gaɓa bambancin ya kan kai mita 4 ko fiye, musamman a tsayuwar wata da tsakiyarsa. Ku riƙa duban sandan nan."

Yaron nan da abokinsa suka bi wani tudun yashi, suka yi nisa suna tsintar ƙumba. Da yaron ya waiwaya sai ya ga ruwa ya kewaye gindin sandan malam. Ya duba bayansu, ya ga wani kwari da suka ƙetare a bushe ɗazu, yanzu ruwa yana malala a cikinsa. Abokinsa ya ce, "Bari mu ƙara kaɗan." Ya ce, "A'a, mu koma yanzu." Ya kama hannunsa suka juyo. Ruwan kwarin ya kai musu idon sawu. Kafin su gama shan shayi a kan gaɓa, tudun da suka tsaya a kai ya nutse sarai.

Dattijo ya dafa kansa, ya ce, "Da safe sai da aka gaya maka. Yanzu kuwa kai ka gani da kanka. Madalla."

Yarinyar nan ta dubi teku ta ce, "Malam, ga ruwa har iyakar gani, amma a ce ƙasar nan tana ƙishirwa?"

Malam ya ce, "Ɗanɗana." Ta lasa, ta tofar. Ya ce, "A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kamar giram 35. Wanda ya sha shi, jikinsa zai fitar da ruwa fiye da wanda ya sha don ya rabu da gishirin, ƙishirwa ta ƙaru. Kun san farin filin nan da ke tsakanin Karratha da Dampier? Ruwan teku a ke tarewa, rana ta shanye shi, a kwashe gishiri. Amma ruwan famfon gidajenku daga cikin daji a ke kawo shi, daga madatsar Kogin Harding da rijiyoyin Millstream, a cikin dogon bututu. Garin bakin teku, da ruwan duwatsu ya ke rayuwa."

Rana ta yi ja, ta faɗa. Suka hau mota, suka isa Karratha bayan magariba, daidai lokacin da malam ya rubuta. Jarka biyun nan ba a ko buɗe su ba, amma ba wanda ya ce an yi wahalar banza. Teku ta ba mutanen Pilbara hanya da gishiri da kifi, ɗan tafkin cikin dutse kuwa ya shayar da kakannin dattijo, da masu tumaki, da masu raƙuma. Kowane ɗaya yana da dokarsa. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, sai ya saurari ɗan gari.

TAMBAYOYI

1. A wace ƙasa Pilbara ta ke, wace teku ce kuma a gefenta?
2. Don me malam ya ɗauki ruwa alhali tafki za su?
3. Faɗi dalilai uku da suka sa ba a barin mota in ta lalace a daji.
4. Waɗanne alamu biyu dattijo ya nuna na kusantar ruwa?
5. Me ya hana Tafkin Mesa ƙafewa?
6. Kawo abubuwa uku da suka kashe garin Cossack.
7. Don me ba a shan ruwan teku?
8. Rubuta layi goma a kan inda mutanen garinku ke samun ruwa da rani, da yadda a ke kiyaye shi.